Shekarar da Na Sa Sunana a Kan Aikin Uwarku

Faisal da Huda, na san karatun Hausa yana ba ku wuya, kun fi sakewa da Larabci, amma wannan babin ba zan iya faɗinsa da wani harshe ba. Ku bi shi a hankali. Labarin abin da na yi wa uwarku ne a shekarar da na cika arba'in. Har yau akwai dattawan da suke tare ni a ƙofar masallaci suna yaba mini a kansa, kuma yabon nan ya fi zagi yi mini ciwo.

A lokacin ina da ɗan shagon bidiyo a Balad, tsohuwar unguwar Jidda, a wani lungu, ƙarƙashin tsohon gidan nan na dutse mai tagogin katako da suka karkace. Muna ba da hayar kaset, muna ɗaukar biki da suna. Shagon nawa ne ta kowace fuska in ban da takarda. Sunan kafilina, ɗan ƙasar da ya tsaya mini a hukumance, shi ne a kan allon ƙofa, shi ne a kan lasisi, alhali bai san inda ake kunna kyamara ba. A Jidda aka haife ni, a nan na yi furfura, amma iƙama, takardar izinin zama, nake sabuntawa kamar wanda ya sauka jiya. Ba uzuri nake nema da wannan magana ba. Ina so ne ku san irin yunwar da ke cikina a lokacin: ban taɓa ganin sunana a rubuce a kan wani abin da na yi ba.

Kun san yadda bikin garin nan yake. Maza a zaurensu, mata a nasu, kuma a ɓangaren mata ana cire abaya, saboda haka namiji ba ya shiga, ba ya kuma ganin kaset ɗin bayan an ɗauka. Dole kowane mai shagon bidiyo ya nemi mace. Ni ban je ko'ina ba, uwarku Saudatu na koya wa. Kwana biyu na yi ina nuna mata nan ake kunnawa, nan ake jawo hoto kusa, kada ki fuskanci fitila. Iyakar karatun da na ba ta ke nan. Da yake bai halatta in ga hoton ba, ita ke haɗa shi ma, a ɗakin baya na gidanmu, da na'urar bidiyo biyu da ƙaramar talabijin, ƙofa a rufe. Shekara shida tana wannan aiki ban ga ko minti ɗaya na abin da take ɗauka ba. Ina dai jin mata suna bugo waya shago suna cewa matar Abu Faisal suke so, ba wata ba. Na ɗauka don tana da haƙuri ne, ba ta saurin tashi ta tafi gida.

Ina da aboki, Isufu, muna ce masa Mushe, wato malam a bakin masu Faransanci, mutumin Damagaram, direban wasu Faransawa da ke zaune a Abhur. Yana saurayi ya yi aikin juya fim a wani silima na fili a Yamai, kuma ya yi lakwal, wato makarantar boko, har Faransanci ya zauna masa. Shi ya koya mini rubutun bokon nan da kuke karantawa. Maigidansa yana da tarin tsofaffin mujallun fim, takardunsu sun yi ja don tsufa, duk wadda zai zubar sai Isufu ya kwashe. Ranar hutunsa yakan zo shago da la'asar, mu ɗora shayi, ya baje mujalla a kan kanta. Wata rana ya ɗauki kaset daga cikin na haya ya ɗaga.

"Abu Faisal, fim ɗin nan na wa ne?"

"Na kamfani mana. Ko na jarumin da ke kan kwali."

"To, haka kowa yake cewa kafin samarin nan su zo su ɓata wa manya rai."

Ya ce lokacin yaƙin duniya na biyu finafinan Amurka ba sa shiga Faransa. Da aka gama yaƙi sai suka kwararo gaba ɗaya, na shekaru da yawa a lokaci guda. Wasu samari a Paris, waɗanda ba su da aiki sai zaman silima da gardama, suka samu damar kallon fim uku ko huɗu na mutum ɗaya a jere. Nan suka lura da wani abu. Labari ya canza, 'yan wasa sun canza, wani lokaci har kamfani ya canza, amma akwai abin da ba ya canzawa: inda ake ajiye kyamara, tsawon lokacin da ake barinta a kan fuska, abin da ake nunawa da abin da ake ƙin nunawa. Sai suka fara rubutawa a mujallu cewa fim ma yana da mai shi, kamar yadda littafi yake da marubuci, kuma mai shi ɗin shi ne mai ba da umarni, wanda a nan muke kira mukhrij. Aka yi musu ca. Wasu suka ce fim aikin mutum ɗari ne, ina za a kai mai rubuta labari, da mai haske, da mai haɗa hoto?

"Ni ma ban bi su duka ba," in ji Isufu. "Na juya fim shekara bakwai, na san mutum ɗaya ba ya yin sa. Amma sun faɗi gaskiya ɗaya. Ka zube mini hula goma a nan, zan ware maka ukun da mutum ɗaya ya ɗinka, ko da zaren ya bambanta. Ana gane hannu."

Mun yi watanni muna wannan hira. Ya nuna mini abubuwa da yawa a cikin kaset ɗin da nake bayarwa haya ban taɓa kallonsu da kyau ba. Amma ni rabin maganar na ɗauka na sa a aljihu: fim na mukhrij ne, mukhrij kuwa shi ne mai ba da umarni. To wa ke ba da umarni a shagona da gidana?

Cikin wannan shekara wata tsohuwa maƙwabciyarmu ta rasu. Uwarku ta dawo daga zaman makoki ta zauna a bakin gado, abaya ba ta ko cire ba.

"Abu Faisal, matar nan da ƙafa ta zo daga ƙasar Hausa tana yarinya. Yau na tambayi jikokinta garin da ta taso, babu wanda ya sani. Saura bakwai na sani irinta, har da Inna. Ka ba ni kyamara ranakun da babu biki, in ɗauki labarinsu."

Inna ita ce mahaifiyata, wadda kuke kira Sitti, a gidanmu take zaune. Na amince nan take, kuma tun kafin uwarku ta miƙe na riga na ga fim ɗin a raina, na ga kuma na wa ne. Na zauna na rubuta tambayoyi ashirin a takarda, na sa musu lamba. Tsofaffin sun yarda maza su ga hoton, tunda da mayafinsu za su zauna, amma sun ce ba za su buɗe baki a gaban namiji ba. Saboda haka aikina shi ne in kai uwarku a mota, yau Kurayyat, gobe wani lungu na Balad, in ɗauko mata jaka zuwa ƙofa, in koma in zauna ina karanta jarida. Wani zaman yakan kai awa huɗu. Idan ta fito nakan tambaye ta ko ta gama tambayoyin, ta ce an samu abin da aka samu. Inna kuwa da aka zo kanta sai ta kaɗa hannu.

"Ni ina gida, ba gudu zan yi ba. Ku gama da na waje tukuna."

Ranar da uwarku ta gama haɗa na mutum shida, ta kira ni ɗakin baya. Karo na farko ke nan da na ga aikinta. Kyamarar tana ƙasa-ƙasa, don a kan tabarma take zama ta ɗora ta a gwiwa, sai ka ji kamar kai ma kana zaune a gaban tsohuwar. Ban ji tambayata ko ɗaya ba. Muryar uwarku ma da kyar ake ji, sai "to" da "sannu, Hajiya." Akwai wata Hajiya Dije tana tsinkar ganyen miya a tire, tana ba da labarin shekara biyun da suka yi a Sudan suna tsintar auduga don su samu na ƙarasa hanya, da yadda mahaifiyarta ta rasu a can wajen haihuwa. Sai ta yi shiru. Kyamara ba ta motsa ba. Can ta sauka a hankali zuwa hannuwanta, waɗanda suka tsaya cak a cikin ganyen. Shirun ya kusa minti biyu.

"Yanke wannan," na ce. "Mutane za su ɗauka kaset ne ya maƙale."

"Idan na yanke, abin da ta faɗa bayansa zai zama surutu kawai. Jira ka ji."

Hajiya Dije ta ɗago ta ce tun da ta taka ƙasar nan ba ta taɓa furta sunan mahaifiyarta ba, kuma idan ta mutu babu sauran mai saninsa. Sai ta faɗi sunan, sau ɗaya, ta koma tsinkar ganyenta. Duk da haka na sake cewa shirun ya yi yawa. Na bar shi ne kawai don na gaji da gardama.

Na'urar da ke sa rubutu a kan hoto tana shago. Na kai kaset ɗin can ni kaɗai, na rubuta da Larabci cewa mukhrij wane ne, na sa sunana da na mahaifina, manyan haruffa farare. Ban ƙara komai ba. Ba mantuwa na yi ba, yatsana ya daɗe a kan na'urar. Na gaya wa kaina cewa bai dace a baje sunan matar aure a gaban maza ba. Ƙarya ce na yi wa kaina. Da na rubuta Umm Faisal, babu wanda zai ce uffan, haka duk garin ke kiranta.

Bayan Babbar Salla mutanenmu suka kama wata istiraha, wato gidan shaƙatawa na haya, a Abhur, kusa da teku, don taron shekara. Bayan an ci abincin rana aka sa fim ɗin. An raba zauren da allon katako, maza nan, mata can, kowane ɓangare da talabijin ɗinsa, amma lasifika ɗaya ce. Na ga dattawa masu gemu suna share ido da gefen rawani. Da aka gama, wani likita ɗan Najeriya da ke aiki a wani asibiti a nan ya karɓi makirfon.

"Alhaji, wannan shirun na Hajiya, wallahi shi ya karya ni. Yaya aka yi ka san a jira?"

Na miƙe. Ina iya tuna sanyin makirfon ɗin a hannuna.

"Likita, ai aikin mukhrij ke nan. Ni na ce a bar kyamara a kanta, kada a yanke. Na san maganar tana tafe."

Aka yi tafi. Daga bayan allo wata mata ta ɗaga murya ta ce, ba Umm Faisal ce ta ɗauka ba?

"Ta riƙe mini kyamara," na ce. "Allah ya saka mata da alheri."

Aka yi dariya, aka ce amin. Duk wannan ta lasifika ya bi ya shiga ɓangaren mata, inda uwarku take zaune da Huda a cinya, Inna a gefenta.

Isufu ya same ni a wajen ajiye motoci ina saka na'ura a but. Bai ba ni hannu ba.

"Mukhrij, barka da aiki."

"Barka kadai. Ka ga abin da karatunka ya haifar."

"Kada ka sa ni a ciki, ya sheikh. Shekara nawa nake kallon bikin mazan da kake ɗauka? Kai a tsaye kake aiki, kana waige-waige kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci. Ko shayi ba ka jira ya huce. Wancan kuwa aikin mai zama ne. Tun minti na biyu na gane ba hannunka ba ne."

"Ba kai ka ce fim na mai ba da umarni ba ne? Kyamara tawa, mota tawa, ni na tsara."

"Na ce na mai hannun da ake gani ne. Samarin nan, mutumin da kamfani ya ɓoye suke nema su fito da shi. Kai kuwa ka karanta su ka koma ka zama kamfanin." Ya buɗe ƙofar motarsa, ya juyo. "Kullum kana kukan allon shagonka. To yau kai ne kafili. Halas."

Mun yi kusan shekara ba mu sha shayi tare ba.

Washegari da safe na tarar da jakar kyamara a bakin ƙofa kusa da takalmana, an goge ta, an cika batura, an naɗe wayoyi.

"Ka nemi wata don bikin Alhamis," in ji uwarku. "Idona ya gaji."

Da na sauke kai a lokacin, da an wuce wurin. Maimakon haka sai na yi fushi, na ce ai ba ita kaɗai ce mace mai hannu a Jidda ba. Na ɗauki wata. Kiran mata ya yi ta raguwa. Bayan wata ɗaya na tuna mata cewa saura Inna ba a ɗauka ba. Tana yanka albasa, ba ta ɗago ba.

"Ai mukhrij yana gida."

Na ɗauki maganar a matsayin ƙalubale. Na kafa kyamara a kan ƙafafunta uku a tsakar falo, na kunna fitila, na zaunar da Inna a kujera, na fito da takardar tambayoyina. Na manta da abin da kowane yaro ya sani: ni ɗanta ne na fari. Tun da aka haife ni ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta taɓa kallon idona ta yi doguwar magana ba.

"Inna, daga wane gari kuka taso?"

"Daga gida."

"Shekara nawa kuka yi a hanya?"

"Da yawa."

"Kun sha wahala?"

"Alhamdulillahi. Kai, kashe fitilar nan, tana ƙona mini ido."

Minti tara. Shi ne kaset ɗin da kuka sani, wanda Faisal ya taɓa tambayata me ya sa Sitti take kama da wadda aka kai ofishin 'yan sanda. Na ce a raina bari in jira uwarku ta huce. Kullum ina ganin akwai lokaci. Magana ɗaya ake bukata daga bakina, na riƙe ta wata biyar. Kafin azumi ɓarin jikin Inna ya shanye, ta yi mako shida a kwance, ta rasu. Mata shida na waje suna nan da muryarsu da labarinsu. Uwata, wadda ke cikin gidana, babu.

Uwarku ba ta sake taɓa kyamara ba. Ba mu kuma taɓa tayar da maganar ba, muka ci gaba da zama, muka aurar da ku, wayoyin hannu suka zo suka rufe shagon. Isufu ya koma Damagaram, can ya rasu. Mun shirya kafin ya tafi, amma ko a ranar sallama sai da ya tambaye ni ko na gyara, na ce ina nan ina shiri.

Bara, Huda, da kika zo kika kwashi tsofaffin kaset za ki mayar da su cikin waya, kin tuna na ce miki a goge rubutun farko na fim ɗin tsofaffi, uwarki ta ce a bar shi. Kika dube mu, kika ɗauki kwalinki kika tafi. Ga abin da ya biyo baya. Na zauna a gaban uwarku na faɗi abin da na yi, ɗaya bayan ɗaya, da shirun da na ce a yanke, da abin da na faɗa a makirfon. Na roƙe ta gafara. Ta saurare ni har na gama.

"Na daɗe da yafewa, Abu Faisal. Da ban yafe ba, da ba ka ci tuwona duk shekarun nan ba. Amma suna a bar shi yadda yake. Idan ka goge, jikoki za su ɗauka haka kake tun farko."

Sannan ta ci gaba.

"Akwai nawa ni ma. Makonnin nan shida da Inna ta yi a kwance, ina shafa mata mai a ƙafa, ta ba ni labarin duka. Harshenta ya yi nauyi, amma ta faɗa. Garinsu, da mutanen da suka taso tare, da wanda aka binne a hanya. Kyamara tana shago. Sau biyu na yi niyyar aiko maka, zuciya ta hana ni. Wannan ni nake ɗauke da shi."

Na ce mata ba nata ba ne, nawa ne. Ta ce kowa ya riƙe nasa. Sai na roƙe ta ta faɗa mini abin da Inna ta ce.

"Ba kai ta faɗa wa ba, ta san kana gida ai. Huda ta zo ranar Juma'a da wayarta. Ni zan nuna mata inda za ta ajiye ta. Kai kuma ka nemi wurin zuwa."

Ranar Juma'a na fita tun hantsi, na yi salla, na ci abinci a wajen wani mai gasa kifi, na zauna a bakin teku har aka kira la'asar. Da na dawo na tarar da ke, Huda, da uwarki kuna wanke kofuna, idanunku sun yi ja. Ban tambaya ba, kuma ba zan tambaya ba. Faisal, kai ka je wurin ƙanwarka ka gani. Idan kun gama haɗawa, ku tambayi uwarku sunan da take so a rubuta, ku rubuta shi yadda ta faɗa.